Ɗakin baje kolin zanen zamani a unguwar Nassarawa: abin da mai ziyara zai tarar

Kano ta daɗe da sanin darajar aikin hannu, tun daga marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498 har zuwa dukawa da magina masu zanen bango, amma wurin da aka keɓe domin a rataye zanen zamani, a kalla a natse, a saya idan an ga dama, bai yawaita a cikinta ba. Mai neman kayan tarihi yana da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, shi kuwa mai neman aikin matasan yau sai dai ya bi su shagunansu. Wannan giɓi ne wani ɗan ƙaramin ɗakin baje koli da ke unguwar Nassarawa yake ƙoƙarin cikewa, kuma a ganina ya cancanci a taka a je.

Asalin wurin shagon saka hotuna a firam ne. Masu zane suna kawo aikinsu a ɗaura masa katako, wasu su bar shi a jingine ko Allah zai kawo mai saye, har aka wayi gari masu zuwa kallo sun fi masu kawo hoton biki yawa. Daga nan mai shagon ya karɓi ɗakin da ke maƙwabtaka da shi, ya fasa bangon da ke tsakani, ya shafe ko'ina da farin fenti. Ba za a haɗa shi da gidan baje kolin zane na Nike da aka buɗe a Lekki ta Legas a 2009 ba, inda ayyuka suka cika bene hawa-hawa, kuma babu irin masu kuɗin da kasuwar zane-zane ta ART X take tarawa a can tun 2016. Sai dai tunanin da ke bayan ayyukan yana da tushe a nan Arewa, domin a Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zane ya haɗa dabarun da ya koyo a makaranta da abin da ya gada a gida.

Aikin da ya fi tsayar da ni shi ne wani da aka yi a kan ƙyallen saƙi da aka tsoma a baba har ya yi shuɗi mai duhu. A kansa mai zanen ya jera murabba'ai da da'irori irin na allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da ja da rawaya da kore, ba tare da ya rubuta ko harafi guda ba. Idan mutum ya matso kusa zai ga inda alƙalamin kara ya ɗan karce zaren, da inda tawada ta fi kauri a kusurwa. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane abin da yake kallo ba sai an yi masa bayani ba. Kusa da shi akwai zanen wani ɗan garuwa yana tura kura cike da jarkoki da sassafe, jijiyoyin hannunsa sun fito, Adaidaita Sahu tana ratsawa ta bayansa.

Inda nake da ja shi ne yawan zanen dawakin hawan sallah. Kusan bango guda aka ba su, kuma da yawansu kamanninsu ɗaya: mahayi da rawani, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙura ta tashi. Na fahimci cewa su ne baƙi suka fi saye, kuma mai zane ma sai ya ci abinci, amma sun danne ayyukan da suka fi su zurfi. Haka kuma takardun da aka liƙa a gefen kowane aiki da Turanci kaɗai aka rubuta su, alhali mafi yawan masu shigowa Hausa suke ji.

Ba a karɓar kuɗin shiga, kuma matashin da ke kula da wurin yana da haƙuri da ladabi. Ya san kowane mai zane da irin kayan da yake aiki da su, ba ya kuma matsa wa mutum ya saya. Manyan ayyukan sun fi ƙarfin aljihun ƙaramin ma'aikaci, amma akwai ƙananan zane na tawada a kan takarda da za a iya taya su a daidaita, a kuma saka su a firam nan take, tunda har yanzu ba a daina wannan sana'a a bayan ɗakin ba. Gara a je da hantsi, lokacin da hasken rana yake shigowa ta tagogin gabas, domin idan aka ɗauke wuta da yamma ɗakin ciki yakan yi duhu, launukan ba sa fitowa yadda ya kamata.