Kwana biyu a Jos: gidan tarihi da darasin ginin tukunya

Dogon hutun da ya wuce yaran gidana sun so su haukata ni. Da safe waya, da rana waya, da dare kuma rigimar wanda ya cire wa wani caji. Sai wani abokina da aiki ya zaunar a Jos ya ce in kwaso su mu zo, akwai gidan tarihi, kuma ya san wata tsohuwa maginiya da ke koya wa yara ginin tukwane idan an yi hutu. Muka bar Zariya bayan sallar asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre, kafin azahar muna cikin gari. Watan Agusta ne. Duk mai zuwa a wannan lokaci ya riƙo rigar sanyi da lema. Ni na raina abin, na tafi da 'yar shara, na kuwa ji a jikina.

Gidan tarihin yana tsakiyar gari, a gindin wani dutse mai itatuwa, jikin gidan zu. Kuɗin shigarmu mu biyar bai kai abin da muka kashe a kan gasasshiyar masara da lemo a hanya ba. An buɗe shi a 1952, kuma a duk Nijeriya na garin Esie ne kawai ya girme shi. Wani Bature, Bernard Fagg, shi ya tsaya kai da fata har aka gina shi, kuma kuza ce sanadi. Masu haƙar kuza a yankin suna ta tono wasu kawunan yumɓu daga ƙarƙashin ƙasa, ana bukatar wurin ajiye su.

Waɗannan kawuna, da ake kira na Nok, su muka fara tararwa. Sunan na wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Kaduna, inda aka fara tsintar irinsu a 1928. Duk kusan ido iri ɗaya gare su, mai kusurwa uku, da huda a tsakiya. Hanci a huje, baki ma haka, ga kitso iri-iri da za ka rantse jiya aka tashi daga wurin makitsiya. Sun haura shekara 2,000 a duniya. Auta ya tsaya ya ƙura wa ɗaya ido, sai ya ja mini riga, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, gumaka ne?" Na san tambayar za ta zo, don ko a gida sai da wata gwaggonsu ta ce me za mu je yi gidan gumaka. Na ce masa mu ba bauta ta kawo mu ba, aikin hannun mutanen da suka riga mu zama a ƙasar nan muka zo gani, kamar yadda ake zuwa kallon ganuwa. Ya gyaɗa kai, ban dai tabbata ya gamsu ba.

Labarin da ya fi kama yaran shi ne na kan da aka tono kusa da Jama'a wajen 1943. Wani ma'aikacin kuza ya tafi da shi gida, ya kafa shi a kan mutum-mutumin gonarsa ta doya, ya yi ta gadin gona kafin ya kai hannun Fagg, wanda ya lura cewa ya yi kama da wanda aka samu a Nok tun da farko. Yayar Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa abin da na tuna shi ne irin waɗannan kawuna da 'yan haƙar sata suka yi ta fitarwa zuwa Turai a shekarun 1990, wasu ma har suka shiga manyan gidajen tarihi na Faransa.

Daga nan muka shiga wurin tukwane. In faɗi gaskiya, a ranar farko wucewa kawai na yi. Tulu ne, randa ce, kasko ne, me zan tsaya kallo? Uwargida ce ta ɗan daɗe, tana nuna wa 'yarta irin randar da kakarta ke sanyaya ruwa kafin zuwan firji. Wata Baturiya, Sylvia Leith-Ross, ita ta zaga ƙasar nan a shekarun 1960 tana tattaro su daga ƙabilu daban-daban. Na karanta wannan, na ce madalla, na yi gaba.

Inda na tsaya har iyalina suka gaji da jirana shi ne filin gine-ginen gargajiya. Nan aka gina kwafin wasu shahararrun gine-ginen Nijeriya da ƙasa, da girmansu na ainihi, ƙarƙashin jagorancin wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, wanda ya shafe shekaru yana auna gidajen ƙasa da sorayen sarakuna. Akwai ganuwar Kano, akwai wani sashe na fadar Katsina, sai kuma Masallacin Juma'a na Zariya. Ni Bazazzage ne, a cikin birni aka yanke mini cibiya, na yi Juma'a a wannan masallaci ba adadi. Amma tun a shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon gini na siminti, don haka ban taɓa ganin sa daga waje yadda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya bar shi ba a zamanin Sarki Abdulkarimu. Sai da na zo Jos.

Na shiga na ɗaga kai. Bakan gizo na tashi daga ginshiƙai masu kauri, su lanƙwasa su haɗu a can sama, su ɗauki tulluwa, duk da azara da ƙasa, babu rodi ko ɗaya. Azarar giginya ba ta da tsawon da za ta tsallake ɗaki mai faɗi, sai magini ya riƙa jera ta gajere-gajere, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana yaɓewa, har hannu biyu su gaisa a tsakiya. Ciki da sanyi, murya kuma ba ta amsa-kuwwa irin ta masallatan siminti. Na kira yaran na ce su dafa bango. Na faɗa musu tubali da makuba da zanko, kalmomin da ni kaina na daɗe ban furta ba. Ginin ƙasa dai kowa ya sani, kamar jariri yake, in damina ta wuce sai an bi shi da yaɓe, balle a garin da ruwa ke sauka kamar na Jos.

Akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, ciki har da na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Bukuru don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957. Yara suka ɗauki hoto. Gidan zu ma mun leƙa, ruwa ya koro mu.

Washegari da hantsi abokina ya kai mu wurin maginiyar. Ba a cikin gidan tarihin take ba, gidanta ne, da rumfar kwano a tsakar gida da tulin yumɓu a lulluɓe da buhu. Mun tarar da yara sun fi goma. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai ma zama za ka yi, ba a kallo a nan." Na ce, "Mama, ni rakiya na yi." Ta ce mai rakiya ma yana da hannu. Haka na naɗe hannun riga na zauna a kan kujerar tsugunno.

Babu injin juyawa, babu komai sai hannu da tsinken kara da ɓawon ƙwarya da ɗan tsumma a ruwa. Da farko ta sa mu cuɗa yumɓun da garin fasassun tukwane da ta daka, ta ce in babu shi tukunya ba ta jure wuta. Sannan a murza shi ya yi tsawo kamar igiya, a naɗa a kan gindin, a bi da yatsa ciki da waje ana haɗewa. Ita tana magana tana yi, ba ta ko kallon hannunta, tukunya na tashi kamar ana hura ta. Tawa kuwa ta kai rabin taƙi sai ta fara buɗe baki, ta zauna daɓas kamar faifai. Sau uku ina rushewa. Ta zo ta danna bangon da babban yatsa ta ce, "Ruwa ka cika mata, Malam, kuma sauri kake yi. Ba tuwo ba ne." Yaran suka samu abin dariya na shekara.

Yayar Auta ce ta ba ni mamaki. Yarinyar da ba ta iya minti biyar ba ta duba waya ba, ta yi sa'a biyu ba ta ɗago ba, ta fitar da ɗan asusu mai kyau har da zane a wuya. Tsohuwar ta sa aka kawo naira ashirin, ta juya bayanta ta nuna mata Ladi Kwali zaune tana gini, ta ce, "Kin ga wannan? 'Yar Gwari ce, da irin hannun nan ta fara." Gaskiya ta faɗa. Sai a 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, bayan ta riga ta yi suna da ginin hannu.

Auta shi kai ya ce zai gina, irin na jiya. Ya dunƙula yumɓu ƙato ya fara tsaga masa ido. Tsohuwar ta karɓa ta auna a tafin hannu ta ce wannan in ya shiga wuta fashewa zai yi, har ya ɓata na maƙwabta. Sai an rarake cikinsa, an huda masa inda iska za ta fita. Ta ɗauki tsinke ta huda ido biyu, hanci, baki. Yaron ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi.

Da la'asar muka sake biyan kuɗin shiga gidan tarihin, da yumɓu a ƙarƙashin farce. Wannan karon a wurin tukwane na daɗe. Akwai wata randa da ta kusa kai mini ƙugu, bangonta bai fi kaurin yatsa ba, da'irar bakinta kamar an auna da ma'auni, kuma na san da igiyar yumɓu aka tashe ta, irin wadda ta gagare ni da safe. Auta kuma ya koma wurin kawunan Nok yana leƙa hudar ido yana cewa, "Baba, duba, shi ma rarake shi aka yi." Da za a sake, da darasin zan fara kafin gidan tarihin, kuma haka nake ba duk mai zuwa da yara shawara.

Darasin yana da nasa aibu. Yara sun yi wa mutum ɗaya yawa, ƙananan sukan daɗe suna jira kafin ta zo kansu, wasu har suka koma jifan juna da laka. Sannan saurayin da ke karɓar kuɗi a ƙofa ya ce mana za mu tafi da kayanmu a ranar, har ya karɓi kuɗin gashi. Sai da muka gama tsohuwar ta ce ina, ɗanyen gini sai ya sha iska kwana da kwanaki kafin ya ga wuta, da damina ma ya fi haka. Da an faɗa tun farko da ban yi wa yara alkawari ba, da kuma Auta bai yi kuka daga Jengre har Saminaka ba.

Bayan mako uku abokina ya kira. Asusun ya fito lafiya, kan Auta ma ya fito, sai dai kunne ɗaya ya guntule. Tawa ta tsage tun kafin a kai ta wuta, tsohuwar ta ce a gaya wa Malam ta jiƙa ta ta mayar cikin tuli. Sauran biyun suna can a kan firjin abokina, muna jiran mai zuwa Zariya da zai yarda ya riƙo su a cinya.