Eriyar tsaye a Kumasi: wayoyi a ƙasa ko a saman rufi?

Eriyar tsaye mai rubu'in zango (kwata na tsawon igiyar rediyon da take aikawa), wato kimanin mita 5 a megahaz 14, rabin eriya ce kawai. Ƙasar da ke gindinta ita ce ɗaya rabin. Shi ya sa masu rediyon sha'awa a Kumasi, masu lambar kira da ke farawa da 9G ta Ghana, ke da zaɓi biyu.

Na farko, a kafa ta a fili, a shimfiɗa wayoyi kewaye da gindinta. Da a ce ƙasa na wuce da lantarki ba asara, turjiyar eriyar za ta tsaya wajen om 36 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Jar ƙasar Kumasi ba haka take ba, balle in hunturu ya busar da ita. Asarar ƙasa sai ta hau kan 36 ɗin, awo ya nuna kusan 50, daidai da om 50 na kebul ɗin da ke haɗa eriya da rediyo. Nan ake ruɗuwa: SWR, wato awon dacewar eriya da kebul, ya yi kyau, alhali wani kaso na ƙarfin rediyon yana ƙarewa ne a ɗumama ƙasa. Damina ta sauka, lissafin ya sake canjawa. Maganin shi ne yawaita wayoyi, tashoshin AM a Amurka har 120 suke binnewa. To wa ke da wannan filin a unguwar Aboabo?

Na biyu, a ɗaga eriyar sama da rufi da wayoyi huɗu a gindinta. Tasirin ƙasa ya ragu sosai, rani da damina. Sai dai dole a yanka kowace waya daidai tsayin eriyar, kada ta taɓa kwano.

A gidan haya na unguwar zango, na biyun zan zaɓa, tare da sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa saboda tsawa.