Allura a Gwiwa ko Atisayen Likitan Fisiyo?

Mai fama da amosanin gwiwa, wanda guringuntsinsa ya fara zaizayewa har tashi daga zaune ya zame masa aiki, sau da yawa yakan tsinci kansa tsakanin zaɓi biyu.

Allurar sitiroyid tana da saurin aiki, domin takan kwantar da kumburi cikin 'yan kwanaki, sai dai sauƙin nata galibi ba ya wuce makonni kaɗan. Wani bincike na shekarar 2017 ya nuna cewa maimaita ta duk wata uku, tsawon shekara biyu, yana ƙara cinye guringuntsin.

Atisaye kuwa sai mai haƙuri. Likitan fisiyo, wato mai yin magani ta hanyar motsa gaɓoɓi, yakan lanƙwasa gwiwar da hannunsa, ya miƙar da ita sannu a hankali, sannan ya koya wa majiyyaci yadda zai ƙarfafa naman cinyarsa, wanda shi ke rage wa gaɓar nauyi. Gail Deyle, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni a Amurka, ya gwada hanyoyin biyu a kan mutum 156 a binciken da aka wallafa a 2020. Bayan shekara guda, waɗanda suka yi atisaye sun fi samun sauƙin ciwo da walwalar tafiya, ko da yake sun fi yawan zirga-zirgar asibiti.