Gargaɗi kan masu sayar da tsohuwar salansa da sunan sabuwa mai araha marar ƙara

Na rubuta wannan gargaɗi ne domin duk mai motar da salansarsa ta huje, yake neman wata mai sauƙin kuɗi wadda za ta sa motar ta yi shiru, saboda a daidai wannan gaɓa ce wasu macuta suke tare mutane, kuma ni kaina na faɗa hannunsu. Abin da ya sa damfarar take tafiya cikin sauƙi shi ne salansa garwa ce rufaffiya, an walde ta ta ko'ina, mai saye ba ya ganin cikinta, sai dai ya dogara da ƙyallin bayanta da kuma shirun da ya ji a ranar da aka ɗaura ta. Waɗannan abubuwa biyu kuwa, duk mai gwangwanin fenti da ƙullin soson ƙarfe zai iya samar da su cikin awa guda.

Salansar motata ta huje ne daga ƙasa, har ta kai ina jin nauyin tayar da injin da asuba saboda maƙwabta. Ina cikin neman mafita na ga tallan wani mai sayar da kayan mota, yana cewa yana da sababbin salansa na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu shiga kowace irin mota, a kan kusan rabin kuɗin da aka faɗa mini a wasu wurare. Na je, ya ɗauko wata tana sheƙi, yaransa suka yanke tsohuwar suka walda wannan. Da aka tayar da mota sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yallaɓai, kada ka yarda da bakina, ka saurara da kunnenka." Na saurara, kuma gaskiya motar ta yi tsit kamar ranar da ta fito daga kamfani. Na biya na tafi ina ganin na yi sa'a.

Tun a makon farko na lura motar ta yi nauyi wajen hawa tudu, sai na taka totur sosai kafin ta amsa, amma ban kawo salansa a raina ba. A mako na uku na fara ganin wasu baƙaƙen zaruruwa da ɓurɓushin tsatsa a ƙasa, daidai inda bututun hayaƙi yake fuskanta idan na ajiye motar, ƙarar kuma ta dawo har ta fi ta da. Fentin azurfan ya kumbura ya fara ɓarewa. Da na koma wurin mai kayan, sai ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce ai dutse na buga, garantinsa kuma bai shafi wannan ba. Da ma garantin na baka ne, ko rasit bai ba ni ba.

Wani dattijo mai walda ne ya warware mini zare da abawa. Ya cire salansar, ya girgiza ta kusa da kunnena na ji abu yana kwaranya a ciki kamar tsakuwa, sannan ya tsaga ta gida biyu. Bangayen da ke raba cikinta ɗaki-ɗaki duk tsatsa ta cinye su, saura ɗan gefe-gefe. An cusa soson ƙarfe irin na wankin tukunya a inda suke, rabinsa ya ƙone ya zama gari. A ƙasan garwar akwai facin kwano siriri da aka liƙa, aka shafe gefensa da fila irin ta gyaran bodi, aka goge, aka fesa fenti. Dattijon ya nuna mini da yatsa ya ce, "Ɗana, wannan ta girmi wadda aka cire maka."

Domin a gane yadda ha'incin yake aiki, sai an san abin da ke cikin salansa ta gaskiya. Hayaƙi yana fitowa daga injin ne bugu-bugu, duk lokacin da bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe, kuma waɗannan bugun su ne ƙarar da kunne yake ji. Salansar da kamfanoni suke ɗaura wa motocin hawa tana da ɗakuna a ciki da bututai masu ƙananan huji, hayaƙin yana shiga ɗaki ya juya ya koma wani, amon yana karo da amo yana kashe juna kafin ya fita. An auna girman ɗakunan ne daidai da girman injin, shi ya sa salansar asali take da girma da nauyi. Akwai wani nau'in kuma mai bututu ɗaya miƙaƙƙe mai huji-huji, an naɗe shi da zaren gilashi domin ya tsotse amo. Wannan nau'in halal ne, ana yin sa a kamfani, amma yawanci ya fi mai ɗakuna ƙara, kuma zarensa yana ƙarewa da tsufa. Saboda haka wanda shiru yake nema, mai ɗakuna irin ta asalin motarsa ya kamata ya tambaya, kuma idan aka miƙo masa 'yar siririya marar nauyi wadda yake hango haske ta ɗaya bakin aka ce ita ce marar ƙara, to ya san romon baka ake yi masa.

Cusa soso a cikin ruɓaɓɓiyar garwa yana kashe ƙara ne ta hanyar toshe wa hayaƙi hanya. Injin da bai fitar da hayaƙinsa ba kuwa ba zai shaƙi isasshiyar iska ba, sai ƙarfinsa ya ragu, shan mai ya ƙaru, zafi ya taru a bututun. Nauyin da na ji a kan tudu ke nan. Soson ba ya jure wannan zafi da danshi, yana ƙonewa ya ruɓe, hayaƙi ya riƙa watso shi waje, kuma lokacin da zai ƙare mai kayan ya riga ya ci kuɗinsa.

Maganar ƙarfen da ba ya tsatsa ita ma tana bukatar bayani, domin da ita aka fi yaudarar mutane. Salansa daga ciki take fara ruɓewa. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana samar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi, kuma idan tafiyar gajera ce salansar ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ruwan ya kwanta a ƙasanta yana cin ƙarfe. Mafi arha cikin salansar kirki ita ce ta ƙarfen da aka lulluɓe da alminiyam, kuma babu laifi a sayenta matuƙar da sunanta aka sayar maka. Sama da ita akwai ƙarfe mai lamba 409, wanda kamfanonin mota da yawa suke amfani da shi, yana iya yin ja-ja a fuska amma ba ya saurin hujewa. Mafi tsada shi ne mai lamba 304, wanda yake ɗauke da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Maganaɗisu ba ya kama 304 sai dai kaɗan, amma yana kama 409 kamar yadda yake kama baƙin ƙarfe. To idan mai kaya ya rantse cewa 304 ce, maganaɗisu kuma ya manne mata gam, an gama magana. Idan 409 ya ce, maganaɗisu ba zai raba gardama ba, sai ka kankare wani lungu da kan makulli: salansar kamfani ta irin wannan ƙarfe ba ta bukatar fentin azurfa mai kauri, kuma fila tana fitowa gari-gari idan aka kankare ta. Mai gaskiya ba zai hana ka wannan gwaji ba.

Akwai wata cutar da ta fi wadda aka yi mini muni, kuma sau da yawa arhar salansar tarko ce kawai zuwa gare ta. A gaban salansa, kusa da injin, akwai matatar hayaƙi, wadda motocin Amurka suka fara ɗauka da yawa tun daga 1975, daga baya ta zama dole a ƙasashen Turai. A cikinta akwai wani abu mai kama da saƙar zuma wanda aka shafa wa ƙarafa masu daraja, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma saboda su ne ake sayenta da tsada ko ta tsufa. Macucin makanike zai ce ka bar motar ka dawo da yamma, ya yanke matatar ya sa bututu a gurbinta, ko ya fasa ta ya kwashe cikin ya sake walde ɓawon. Wani ma ba ya ɓoyewa, sai ya ce maka ita ce ta toshe take hana motar gudu, zai cire maka kyauta. Abin da ya ɗauka yana iya ninka kuɗin salansar da ya yi maka rangwame a kanta. Alamun da ke biyo baya su ne warin hayaƙi mai hawa kai, da sauti mai kaushi, da fitilar gargaɗin injin a gaban direba, kuma idan aka sa na'urar gwaji lambar da ta fi fitowa ita ce P0420. Don haka ka ɗauki hoton ƙarƙashin motarka kafin a taɓa ta, ka tsaya a wurin har a gama, domin canjin salansa ba aikin yini ba ne.

Kafin ma a kai ga saye, a tabbatar salansar ce ta lalace. Gaskit da ya ƙone, ko maɗauri da ya saki, ko bututun nan mai lanƙwasa da ya tsage, duk suna sa ƙara, kuma robar rataye da ta tsinke ko kwanon kare zafi da ya kwance suna sa kwaramniya. Gyaransu bai kai kuɗin salansa ba. Ka ce a nuna maka hujin da idonka. Inda hayaƙi yake tsiyaya, baƙin kunkunniya yakan taru a gefen wurin.

Masu talla a intanet suna da nasu salon. Za su sa bidiyon mota tana aiki shiru, alhali waya tana daidaita ƙarfin sauti da kanta, kuma babu mai tabbatar maka salansar da ke bidiyon ita za a aiko. Wasu suna rubuta adadin desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ba tare da faɗin yadda aka auna ba, ga shi kuwa a gwajin da aka saba yi wa mota a tsaye ana ajiye na'urar ne rabin mita daga bakin bututu, a karkace da digiri 45, injin yana kan wani gudu da aka ƙayyade. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ƙarar ta ninka, saboda haka 'yar ƙaryar lamba babban bambanci ce. Biyan kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba shi da adireshi, ba ya karɓar kaya idan an dawo da shi, cinikin biri a sama ne.

Kalmar "tana shiga kowace mota" ita ma a yi hattara da ita. Akwai salansar gama-gari ta gaskiya, amma ko ita sai an dace da faɗin bututu, da tsawon garwa, da wurin da bakin shiga da na fita suke, da girman injin. Hanya mafi aminci ita ce a nemi lambar kayan ta amfani da lambar shasi, wadda take da haruffa da lambobi 17 a motocin da aka ƙera daga 1981, sannan a duba cewa lambar da ke kwali ita ce aka buga a jikin ƙarfen. Kamfanoni irin su Walker da Bosal da Eberspächer suna da kundin da ke nuna wace salansa ce ta wace mota, kuma masu jabu sukan ari sunan irin waɗannan kamfanoni su manna a takarda. Salansar da aka amince da ita a tsarin Turai tana ɗauke da harafin E da lambar ƙasa a cikin da'ira, misali E1 na Jamus ko E2 na Faransa, a jikin ƙarfen kansa. Wanda kuɗinsa bai kai na sabuwa ba, gara ya sayi ta hannu ta asalin irin motarsa, ba fenti a jikinta, ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa ƙasanta ya ji ko ƙarfen yana da sauran kauri, ya san tsohuwa ya saya a kuɗin tsohuwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bayan na ga cikin waccan garwa shi ne iyalina da na yi ta ɗauka a motar gilashi a rufe. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma facin da ya buɗe a ƙarƙashin kujerun baya yana iya tura ta cikin mota, musamman idan ana tsaye a cunkoso injin yana aiki. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da barci su ne alamunta na farko, kuma tana kisa. Duk wanda aka ɗaura wa salansa ya fara jin haka a mota, ya sauke gilasai, ya fita ya sha iska, ya nemi likita idan abin bai lafa ba, kada kuma ya sake ɗaukar kowa sai an duba bututun tun daga injin har baya.

Da na sayi ta biyu, na sa an rubuta mini lambar kayan da irin ƙarfen da tsawon garanti a rasit, na tsaya aka ɗaura ta a gabana, na karɓi wadda aka cire. Washegari da safe, injin yana sanyi, na tayar da motar a fili, wani ya ɗan tare bakin bututun da tsumma na 'yan daƙiƙu ni kuma na durƙusa ina sauraron mahaɗan, domin idan akwai inda yake tsiyaya a nan ake jin shi yana huci. Na maimaita wannan gwaji bayan wata guda, na kuma duba ƙasa a bayan motar, ban ga zare ko ɓurɓushin tsatsa ba.