Turkar raguna ko tumakin haihuwa a gona?

Ɗan'uwa, ka ce kana da gonar hatsi da wake kusa da Tahoua, da jaka ɗari uku a hannu, kana tambaya ko ka turke raguna don Layya ko ka sayi tumaki mata su riƙa kiwo a gonar. Na taɓa duka biyun.

Turka kuɗinta na dawowa da wuri. Ka sayi ramammen rago a kasuwar Badaguichiri ko ta Abalak, wata uku ko huɗu ka sayar. Balami da Uda sun fi kawo kuɗi saboda girma, amma cinsu ma haka yake. Wurin da mutane ke faɗuwa shi ne abinci. A shekarun nan Layya na faɗowa cikin bazara, lokacin da harawa da dusa suka fi tsada a duk shekara. Wanda bai ajiye harawarsa tun kaka ba, ribar da yake hange tana tafiya aljihun mai dusa. Ga kasuwa kuma ba ta da tabbas: in naira ta faɗi, fataken Najeriya sai su rage saye, kuma a 2025 gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi waje gab da Layya. Wanda ya turke da bashi, caca ce ya yi.

Tumakin haihuwa kuwa sai mai haƙuri. Cikin tunkiya wata biyar ne, sannan ka jira ɗan ya tasa, don haka shekarar farko kada ka sa ran kuɗi. Amma dubi abin da suke ci: karan hatsi, ƙaiƙayi, kowar wake, ragowar ciyawa bayan girbi, da 'ya'yan gawo da ke zuba a rani daidai lokacin da daji ya bushe. Duk wannan gonarka ce ke bayarwa. Su kuma su bar maka taki. Wannan takin shi ne ribar da ba a lissafawa, alhali saboda shi kakanninmu ke ba Fulani hatsi don su kwana da garke a gona. Ƙasarmu mai yashi ta gaji, kuma duk wanda ya sayi buhun takin zamani ya san zafin kuɗinsa.

Wahalarsu damina ce. Shuka na tashi, dole a ɗaure su ko a ba makiyayi ya yi arewa da su, kuma ladarsa na kanka. In sun shiga gonar maƙwabci kafin ranar sakin gonaki da hukuma ke sawa, ka biya ɓarna, wani lokaci har zumunci ya lalace. Kada kuma ka bar rigakafin da gwamnati ke yi kowace shekara ya wuce ka, ciwo ɗaya na iya share garke.

Da ni ne kai, tunda gonar na nan, tumaki mata zan saya da mafi yawan kuɗin, in fara da irin Ara-Ara ko Uda da suka saba da yankinmu, in tara harawa a kan rumfa tun kaka. 'Yan ragunan da suka haifa su zan turke, ka ga ban sayi rago ba, ban sayi rabin abincinsa ba. Turka zalla ta fi dacewa da mutumin Yamai da ba shi da gona, yana da kasuwar dabbobi ta Tourakou kusa da shi.