Asibitin da munka kwantar da ƙanwata kan laulayi mai tsanani, ga abin da nig gani

Asibitin kuɗi ne ɗan madaidaici nan cikin Sakkwato, wajen Mabera, suna awo suna karɓar haihuwa. Ba zan faɗi sunanshi ba don akwai ƙorafin da zan yi a kansu kuma ba talla anka sa ni ba, ni dai na yi jinyar ƙanwata a wurin kuma ina ganin abin da munka gani zai amfani wasu. A taƙaice wurin aikin likitanci sun yi ƙoƙari matuƙa, wurin kula da ɗakin kwanciya da maganar kuɗi kuwa akwai gyara sosai.

Cikinta na fari ne, amai ya fara mata wajen sati 6 kamar yadda yake fara wa mafi yawan mata, to amma nata bai tsaya ga na safe ba, dare da rana ne, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo, ga tofar da yawu har da gwangwani take kwana, ga shi lokacin bazara ne kun san zafin garin ga a watan Afrilu yana haura digiri 40, mai lafiya ma ruwan jikinshi ƙonewa yake balle wadda ba abin da ke zama cikinta. A gida kowa haƙuri yake ba ta, uwar mijinta na cewa ai laulayi ne kowace mace da haka ta haihu, anka yi ta kawo kunun tsamiya da lemun tsami da jiƙe-jiƙe. Ba mugunta ba ce wallahi, iya abin da sunka sani ke nan. Amma yarinya tana ta zubewa a gabanmu.

Abin da ya fara burge ni a asibitin shi ne ba wanda yac ce mata raki take. Sistar da ke karɓar kati na ganin leɓenta a bushe da yadda take layi in ta miƙe, ba ta bari munka bi layin awo ba, tac ce "Hajiya shigo da ita nan", ta auna hawan jininta da bugun zuciya, ta ɗora ta kan sikeli ta tambayi nauyinta kafin ciki. Likitan da yaz zo ya zauna ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan har da mijinta a wurin, wanda na ji daɗin haka ƙwarai don maza sai sun ji daga bakin likita suke yarda. Yac ce laulayi na yau da kullum daban, wanga daban, shi suna kiranshi hyperemesis gravidarum, kuma cikin mata masu ciki 100 yana kama 1 zuwa 3. Na yau da kullum yakan yi tsanani wajen sati 9 ya lafa zuwa sati 14 ko 16, shi kuwa wanga yana iya kaiwa sati 20, wasu ma har ranar haihuwa. Ni da kaina daga baya na karanta cewa a 2023 masu bincike sun danganta shi da wani sinadari mai suna GDF15 da ke fitowa daga mabiyiya, ke nan ba son jiki ba ne, ba kuma jifa ba ne. Matar Yarima William na Ingila ma sai da anka kwantar da ita asibiti a 2012 kan shi, ita da ke da likitoci har ƙofar ɗaki.

Kafin su sa mata komai sai da sunka yi gwajin maleriya da na fitsari, don ciwon sanyin mafitsara da zazzaɓin cizon sauro duk suna sa amai kuma in ba a duba ba sai a ɗora wa ciki laifi. Sunka ɗebi jini don ganin gishirin jikinta, sannan sunka yi sikanin don a tabbatar ko 'yan biyu ne ko kuma irin cikin nan da ba ɗa a ciki sai ƙulle-ƙulle kamar 'ya'yan inabi, duk biyun suna kawo amai mai yawa. Alhamdu lillahi ɗa guda ne lafiya lau. Daga nan anka ba ta gado anka sa ƙarin ruwa, kuma a nan ne nig gane bambancin asibiti da ɗaurin ruwan da ake kiran mai kemis ya zo ya yi a gida. Ruwan gishiri sunka fara da shi, sunka ba ta bitamin B1, sista tac ce macen da ta daɗe tana amai wanga bitamin yana ƙarewa jikinta, in anka ɗura mata ruwan sikari ba tare da shi ba yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Jikina ya yi sanyi don na san gidaje nawa ake wanga ɗaurin ruwan ba gwaji ba komai. Maganin amai kuwa ta allura sunka fara, promethazine, ya sa ta barci sosai, da ta fara riƙe ruwa anka mayar da ita kan ƙwaya. Sun dakatar mata da jan maganin ƙarin jini na ɗan lokaci don yana ƙara tashin zuciya, sunka bar mata folik asid kaɗai.

To ga inda nike da ƙorafi. Ɗakin kwanciyar haɗe yake da masu jego, ana ta shigo da kuloli, farfesun kayan ciki, kunun kanwa, ga turaren wuta da humra na 'yan barka, ita kuwa ƙanwata wari ko ƙamshi kaɗan ke tayar mata da amai, da ƙyar na samu anka mayar da mu gadon bakin taga. Asibitin da ya fahimci ciwon ga har haka bai kamata ya kasa ware ko ɗaki guda ba. In an ɗauke wuta ana jinkiri kafin a tada janareta, ɗaki ya zama tanda. Da dare likita ba ya kwana sai an kira shi a waya, sistocin dare kuma ba su kai na rana sakin fuska ba, ruwa ya ƙare sai ka je ka taso su. Kuɗi kuma ba a faɗa maka jimla tun farko, na gado daban, na kowace ledar ruwa daban, na gwaji daban, sai ranar sallama miji ya ga takarda ya riƙe baki. Ku tambayi lissafi kullum. Wadda ba ta da ƙarfin asibitin kuɗi kada hakan ya zaunar da ita gida, akwai Asibitin Ƙwararru, akwai na mata da yara na Maryam Abacha, ga kuma Asibitin Koyarwa na Danfodiyo.

Ranar sallama likita ya lissafa mana abubuwan da in mun gani mu dawo ko tsakar dare ne, kuma su ne dai ya kamata su kawo mu tun farko: in ta yi kwana guda cur abinci da ruwa ba su zauna ba, in fitsari ya yi duhu sosai ko ta wuce awa 8 ba ta yi ba, jiri in ta tashi ko suma, jini a cikin amai, ciwon ciki, zazzaɓi, ko zubar jini. Sai rama, in ta kai kashi 5 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 60 ta zubar da kilo 3. Maganar rama ta tsaya min a rai don mu ba mu da al'adar hawa sikeli, sai zane ya fara kwancewa muke lura.

Shawarar abinci da sunka ba mu ba wani abu mai tsada ba ne, ta ci kaɗan-kaɗan a kai a kai kada ciki ya zama wayam, busasshen abu kamar kabin biskit ko gasasshen burodi kafin ta sauko daga gado, ruwa mai sanyi kurɓi-kurɓi ba a haɗa shi da abinci lokaci guda, ruwan gishiri da sikari na leda in ta samu ya zauna, a nisanta ta da kicin da mai da yaji. Na tambayi citta, sista tac ce tana taimakon mai ƙaramin laulayi amma ga irin nata tana iya ƙara ƙwannafi, in ta gwada ba ta karɓe ta ba a bari. Sun kuma ja kunnenmu kada a daina maganin amai don an ga sauƙi na kwana biyu sai an koma an ga likita, kuma in Allah Ya kawo wani cikin ta zo awo da wuri ta faɗa musu, don ciwon yakan dawo.

Zan iya tura wata can? E zan tura, musamman da rana lokacin da likitan yake nan, amma ta tafi da mai jinya mai baki wadda za ta iya neman gadon da ke nesa da masu jego tun a wurin yankar kati, ta kuma riƙe fanka mai caji.