Debian 13 a kan kwamfutoci uku: biyu sun karɓa, ɗaya ta ƙi

Tun da Debian 13, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta ta Linux wadda ake kira trixie, ta fito ranar 9 ga Agustan 2025 nake ɗokin ɗora ta a kan na'urorina. Uku ne: kwamfutar tebur mai furosesa na AMD, ƙaramar Raspberry Pi 4, sai wata tsohuwar laftof mai Intel Atom N270 da na kasa rabuwa da ita.

Ta tebur ba ta ba ni wahala ba. Na sauke fayil ɗin amd64, wato na irin furosesanta, na zuba a filashi, kafin wani lokaci Xfce, fuskar aikin da na zaɓa, ta buɗe. Kada sunan ya ruɗe ka, furosesan Intel masu bit 64 ma shi suke ɗauka, AMD ce dai ta fara fito da tsarin a 2003.

Raspberry Pi ce ta fi burge ni. Furosesanta na ARM ne, don haka arm64 take so. Da ta tashi sai na ga ba abin da ya sauya: apt ɗin nan ne mai girka manhajoji, fakitocin manhajojin nan ne. Sai ka buga umarnin uname -m, mai nuna irin furosesa, za ka san ba gida ɗaya suka fito ba, ta tebur ta amsa da x86_64, wato amd64, ita kuma aarch64, wato arm64. Inda za ka yi tuntuɓe shi ne manhajojin kamfanoni da ba a buɗe lambarsu ba, da yawa don amd64 kaɗai aka yi su.

Tsohuwar laftof kuwa, na ɓata yamma guda ina neman fayil ɗin i386, na furosesa masu bit 32. Babu. Laifina ne, ban karanta bayanin fitowa ba. N270 bit 32 ne zalla, kuma a trixie ba a yi wa i386 kanel, wato zuciyar tsarin, ko manhajar girkawa ba. An bar shi ne kawai don gudanar da tsofaffin manhajoji masu bit 32 a kan amd64. Na ɗan ji ba daɗi, amma ban ga laifin masu haɗa Debian ba. 'Yan sa-kai ne, kuma masu irin wannan na'ura kullum raguwa muke yi. A wannan fitowar ce kuma riscv64, na furosesan RISC-V, ya shigo a hukumance karo na farko.

Laftof ɗin na bar ta a kan Debian 12, wato bookworm, wadda tallafinta na dogon zango zai kai Yunin 2028. Rubutu kawai nake yi da ita, kuma har yanzu allon madannanta ya fi na sauran daɗin bugawa.